Taurari Uku a Kan Kifin Goggo

Gara in faɗa tun farko cewa ban gama amincewa da abin da na riƙe na wannan labari ba. Shekarun ba su yi nisa ba, amma na sha ba da shi a gidan suna da cikin mota, kuma na lura labarin da aka cika maimaitawa yakan yi santsi, wasu gefunansa su goge. Akwai maganganun da zan sa a bakin mutane waɗanda ma'anarsu kawai na riƙe. Akwai kuma abubuwan da ban tabbata wanne ya riga wanne ba. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa za su gane kansu.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, autarsu. A Argungu aka yi mata aure, a gidan masunta, can ta zauna har mijinta ya rasu, kuma ba ta tashi ba. Sana'arta bandar kifi. A bayan gidanta akwai murahu na ƙasa da aka ɗora wa ragar waya. Da safe masunta su kawo tarwaɗa da ƙarfasa daga gulbi, ta gyara, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera a raga, ta tura itace. Komai nata ƙanshin banda yake yi, har carbinta. Muna yara, in ta zo mana Birnin Kebbi, hancinmu ke fara sanin ta iso.

Shekara da shekaru wani ɗan kasuwa daga kudu ne ke zuwa da mota yana kwashe mafi yawan kifinta. Sai ya daina zuwa. Wasu sun ce ya koma sayen kifin kiwo kusa da garinsu, wasu sun ce hanya ce ta gajiyar da shi. Ban san gaskiyar ba. Kifi ya fara kwana a kwando. In ya daɗe, musamman da damina, sai an mayar da shi kan wuta, wato hayaƙi ya ƙaru, ciniki ya ragu. A lokacin ne tarin Goggo ya fito fili, irin wanda ake ji ta waya tun kafin ta gama amsa sallama.

Baffa kuwa yayansu ne, shi ne babba. Ya yi shekarunsa na aiki a kotu yana rubuta abin da shaidu suka faɗa, da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na unguwar Gesse a Birnin Kebbi yana karantar da manya a zaure. Shi ya yanke cewa Goggo ta bar banda ta dawo wurinsa. Ya gyara mata ɗaki, ya sa fanka. Goggo ba ta taɓa ce masa a'a ba, don ba a ce wa Baffa a'a. Sai dai ta ce "to, Yaya Malam," ta koma Argungu ta hura wuta.

A wata ziyarar Sallah aka yi maganar a gabana. Ni sunan kakarmu aka sa mini, saboda haka su biyun ba sa kiran sunana, Uwata suke ce mini.

"Auta, ke da kanki kin san sana'ar nan ta ƙare," in ji Baffa. "Mai saye ba ya zuwa, ƙirjinki kuwa kamar tsohon babur."

"Babur ɗin yana tahiya dai, Yaya Malam."

"Yana tahiya in an tura shi."

Daga ƙarshe suka tsaya a kan wannan: in watan azumi ya kama ba ta samu masu saye tsayayyu ba, za ta rufe murahu ta dawo Gesse. In ta samu, ba zai sake tayar da zancen ba. Goggo ta yarda, amma na ga yadda take murza bakin mayafinta. A hanyar tasha ta ce mini, a hankali, ita in an raba ta da gidan nan, ba ta san abin da za ta riƙa yi da hannuwanta ba.

A lokacin na gama bautar ƙasa, ina zaune da mahaifiyata a Gwadangaji ina jiran aiki. Ilimin ɗakin karatu na karanta, amma a wurin danginmu duk wanda ya je jami'a ya taɓa kwamfuta, to, kwamfuta ya karanta. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa buɗe wa Goggo shafi a intanet kafin aiki ya kai shi wani gari. Aka ce mini: ga shafi nan, ki sa mutane su gan shi. Na ce zan gwada, amma ban yi alkawari ba, kuma kada a dogara da ni. Na faɗi haka sau da yawa. Ba na jin akwai wanda ya saurari wannan ɓangaren.

Da na buɗe shafin, sai na tarar da hoton wasu kifaye masu launi irin na teku, waɗanda ba su taɓa ganin gulbin Rima ba, da lambar wayar da Goggo ta daina amfani da ita. Wannan mai sauƙin gyarawa ne. Babbar matsalar sai da na je Argungu na zauna kusa da ita a tabarma na gane ta. Na rubuta "kifin Argungu" a injin bincike na wayata, muka sa ido. Abin da ya fito hotunan bikin kamun kifi ne, jama'a cikin ruwa da ragar homa da gora, wani ya rungumi giwan ruwa mai girman mutum. Na wuce shafi na biyu, biki. Na uku, biki da labaran jaridu.

"To ni ina nike?" in ji Goggo.

"Kina nan, Goggo, sai dai kina can baya."

"Baya ina? Bayan garin Gulma?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa injin yakan jera shafuka ne bisa wanda yake ganin ya fi amsa tambayar mai nema, kuma duniya in ta tambayi kifin Argungu, biki take nufi. Ta ce ita tana bakin gulbin nan kullum, su kuwa masu hoto sai an buga ganga suke zuwa, amma su ne a gaba.

Na koma gida na yi ta karatu. Abin da na fahimta, kuma mai yiwuwa masana su gyara mini, shi ne mu daina kokawa da biki, mu nemi kalmomin da mai yunwa ke rubutawa: kifin banda, busasshiyar tarwaɗa, mai aikawa zuwa wani gari. Na sa su a kan shafin da cikin bayani, da Hausa da Turanci. Na rubuta irin kifin da ake samu a kowane yanayi, da yadda ake shirya shi a kwali a kai tasha. Na rage nauyin hotuna don shafin ya buɗe ko sabis ba ƙarfi. Na yi wa sana'ar rajista a taswirar injin, da lambar waya iri ɗaya a ko'ina. Kowane abu sai na duba shi sau uku, sannan in dawo in sake dubawa ko na ɓata wani wuri.

Hoto ya ba mu wahala. Ni ina son a ɗauki kwanduna cike, a ga akwai kaya. Goggo ta ce ba za ta baje arzikinta a gaban bakin duniya ba, mutum bai san idon da zai kalla ba. Muka daidaita a kan tarwaɗa biyu a faifai, da hannunta a gefe ba fuska. In na duba yanzu, hoton ya fi wanda na so kyau.

Bayan wasu makonni sunan sana'ar ya fara leƙowa. In ka rubuta kifin banda ka haɗa da Kebbi, za ka same ta, amma sai ka gangara ƙasa. A samanta akwai wasu masu sayar da kifi, kowannensu da taurari a gefen sunansa da ra'ayoyin waɗanda suka saya. Goggo ba ta da ko ɗaya. Duk inda na karanta sai a ce ra'ayin masu saye yana taimakawa, ko don injin, ko don mutumin da zai danna.

Na daɗe ina juya abin. Na san ba a son ra'ayin ƙarya, ni ma ba zan iya rubuta shi ba. Amma danginmu da yawa suna sayen kifin Goggo da kuɗinsu, don ba ta yarda da "a ba ni na ɗanɗana". Sai na tura saƙo a zauren dangi na waya, na ce duk wanda ya taɓa saye da gaske, ya shiga ya rubuta abin da ya gani, ya zaɓi taurari daga ɗaya zuwa biyar. Na ja layi a ƙarƙashin "da gaske".

Kafin la'asar sun cika wurin. Sai dai abin da suka rubuta gaisuwa ce. "Goggo ina wuni, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi." "Allah ya sa albarka a nema, ki gaida mutanen gida." Wata 'yar'uwarmu ta sanar da ita a can cewa ta haihu. Wani ya tambaya ko ta ga bokitinsa da ya manta. Kusan ba wanda ya ambaci kifi. Na ji kunya, amma na lallashi kaina da cewa kowa ya ba da taurari biyar, sunan Goggo ya yi haske.

Washegari Baffa ya turo saƙon murya. Ba ya yawan magana a zauren dangin, in ya yi kowa na tsayawa. Ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce an nuna masa abin da ake yi, ya kuma tambaya an ce masa biyar ita ce ƙarshe, babu sama da ita. Ya ce to mu sani wannan shaida ce muke bayarwa a gaban mutanen da ba su san mu ba, za su kashe kuɗinsu a kan maganarmu. Wanda ya danna biyar ya shaida cewa babu aibi ko kaɗan, kuma abin da babu aibi a cikinsa ba aikin ɗan Adam ba ne. Kowa ya duba abin da zai iya tsayawa a kansa ranar da za a tambaye shi.

Ban taɓa ganin danginmu sun yi abu da sauri haka ba. Biyar ta koma huɗu. Masu tsoron Allah sosai suka koma uku. Wata innarmu ta kira ni ta ce in cire mata nata gaba ɗaya, ita ba ta shiga shaida. Wasu kuma, na gane daga baya, daɗi suka ji, don dama suna ganin taurari biyar jere a kan sunan mutum kiran baki ne. Kafin mako ya zagayo, Goggo ta zama mai kifin da ta fi kowa ƙarancin taurari a jerin, ƙasa da wani mai sayar da kifin firiza. A lokacin an shiga Rajab, ko ana gab da shiga.

Na hau keke napep daga Gwadangaji zuwa Gesse ina tsara abin da zan faɗa, ina rushewa. Na sami Baffa a zaure bayan ɗalibansa sun tashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi neman aiki. Sannan na ce, cikin ladabi gwargwadon iyawata, su masu injin ba haka suke nufi da biyar ba. Biyar a wurinsu tana nufin na gamsu, shi ke nan.

"To su rubuta na gamsu mana," in ji shi. "Mi ya kawo taurari?"

"Haka suka tsara, Baffa."

"Sun tsara, ni kuwa da hannuna zan danna. Uwata, na zauna kotu na ga mutanen kirki sun yi shaidar zur don tausayi. Ba mugaye ba, mutanen kirki."

A nan na faɗi abin da ban shirya faɗa ba. Na ce mutane za su ce ya yi haka ne don azumi ya zo Goggo ba ta samu kowa ba, ta dawo Gesse. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Mutane za su ce, ko ke kin ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Ina son ta dawo, ban ɓoye ba," in ji shi. "Amma ba da zamba ba. Buɗe abin. Ni ma mai saye na, ban taɓa cin kihinta kyauta ba, ba ta bari. Zan ba da shaidata, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini."

Na buɗe a wayarsa, ya jingina da bango ya fara, da irin muryar da nake jin da ita yake karanta takarda a kotu. Ba ni da rubutun a gabana yanzu, amma kusan haka yake. Ya ce shi yayan mai wannan sana'a ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai karatu ya san da haka kafin ya auna maganarsa. Ya ce ya daɗe yana cin kifinta. Kifin gulbi ne, ba na kiwo ba. Tana wanke shi sosai, bai taɓa tauna yashi ba. Ba ta zuba masa maganin ƙwari don ya daɗe, ya tambaye ta, ya kuma shiga bayan gidan ya duba da idonsa. Tarwaɗarta ta lokacin sanyi ta fi ta damina, kuma wanda ya saya da damina ya shanya ko ya ɗan gasa in ya isa gida, don yakan yi laushi a hanya. Ƙarfasarta akwai ƙaya, mai ƙananan yara ya kula. Ba ta rage mudu, ba ta ɓoye ƙanana a ƙarƙashin manya. Tana da taurin kai a ciniki, kada mai saye ya ɓata bakinsa.

Ya tsaya. Na ce, taurari nawa?

"Uku."

"Baffa, don Allah, ko huɗu. Duk abin da ka faɗa yabo ne."

"Ɗaya na cire don cikar kamala ba tamu ba ce. Wannan kin sani."

"Ɗayan fa?"

"Hayaƙi."

Na ce ai hayaƙi shi ne banda, kuma ra'ayi a kan kifi ake nema, ba a kan mai yi ba. Ya ce kifin da ke cin ƙirjin ƙanwarsa ba zai samu huɗu a wurinsa ba, ko da daɗinsa ya kai ina. Ya ce in rubuta hakan ma, don kada a zaci wani aibi ya gani ya ɓoye. Na rubuta: na rage tauraro ɗaya saboda hayaƙin yana sa ta tari, kuma ta ƙi jin maganata. Na karanta masa daga farko, ya gyara kalma ɗaya, ya karɓi wayar ya danna da babban yatsansa. Ya kuma sa na fassara shi da Turanci a ƙasa, ya ce shaidar da rabin mutane ba sa ji rabin shaida ce.

A hanyar gida na yi kuka kaɗan a cikin keke. Ina ganin an gama.

Da na karanta wa Goggo ta waya, ta yi ta dariya har tari ya ƙwace mata. Da ta samu numfashi ta ce, "Taurin kai? Ni? Shi da wa anka haifa gida guda?" Can kuma ta ce in sake karanta mata wurin hayaƙin. Na sake. Sai ta tambaye ni ko mahaifiyata na son ƙarfasa.

Abin da ya biyo baya ban iya bayaninsa sosai ba. Injin da kansa ya share yawancin gaisuwar dangi, wataƙila ya ga sun zo a tare kuma ba su da alaƙa da kifi. Na yi ta fargaba zai share na Baffa, tunda ya faɗa da bakinsa cewa ɗan'uwa ne, kuma na karanta cewa ba a cika son haka ba. Ban san dalili ba, bai share ba. Ya zauna a sama, dogo, shi kaɗai kamar hukuncin alƙali, wasu baƙi har suna danna alamar cewa ya amfane su.

Ina Argungu ranar da wata waya ta shigo wa Goggo, da hantsi, muna tsakar gida ina taya ta cire tsinke. Wata Hajiya ce mai gidan abinci a Kaduna. Goggo ta sa a amsa-kuwwa don hannunta da mai.

"Ke ce mai taurin kai?" in ji matar, ko gaisawa ba a gama ba.

Goggo ta harare ni. "Haka anka ce."

"Ni ma haka yayana ke ce mini. Na gaji da masu taurari biyar. Kowa biyar, kifi ya zo da tsutsa. Na ga wannan bawan Allah ya ba ƙanwarsa uku, ya kuma faɗi dalili, na ce to nan ba a ƙarya. Da gaske ba kya sa magani?"

"In kin samu magani a kihina, ki maido min da shi a kan kuɗina."

"To ya tarin?"

"Tarin na nan, yana gaishe ki."

Suka yi ciniki kamar za su yi faɗa, suka rabu suna dariya. Kwali ɗaya ta fara gwadawa. Na raka shi tasha da kaina, na rubuta lambar waya a gefe huɗu, na ɗauki hoton direba da motarsa har ya tambaye ni ko zinariya ce a ciki. Kwanakin da kwalin ke hanya ban ci abinci da daɗi ba. Da ya isa ta kira ta ce a riƙa aiko mata duk mako. Ta rubuta nata ra'ayin, ta ba da biyar ba tare da ta nemi fatawar kowa ba. Ta haɗa Goggo da wata ƙawarta mai irin sana'arta. Daga baya wasu suka kira daga wasu garuruwa, kuma fiye da ɗaya a cikinsu sun fara da tambayar lafiyar ƙirjinta, abin da ya riƙa ba ta haushi.

Ana saura kaɗan azumi Baffa ya ce in raka shi Argungu. Bai faɗa mini abin da zai yi ba, ni kuma ban tambaya ba. Duk hanya yana kallon fadamun shinkafa ta taga, ni ina lissafin ko masu saye biyu da 'yan tsiraru sun isa a kira su tsayayyu, don ba a taɓa faɗin adadi ba, kuma in ya ce ba su isa ba, ba wanda zai musa masa.

Mun tarar da ita a bayan gida, kwalaye jingine da bango, hayaƙi ya cika wurin. Ta shimfiɗa masa tabarma nesa da wuta, ya ƙi zama. Ya zagaya murahun, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya tashi idanunsa na hawaye.

"Waɗannan duk na Kaduna na?"

"Biyu na Kaduna, ɗaya na Minna."

"Sun biya?"

"Yaya Malam, ka taɓa ganin kihina ya hita bashi?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce magana ya yi, kuma ya ga abin da ya gani, ba zai sake cewa ta tashi ba. Goggo ta juya tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba. Sai ya ƙara da cewa amma shi bai yi alkawarin zai zuba wa hayaƙin nan ido ba. Ashe ya riga ya yi magana da wani mai walda a Birnin Kebbi, ɗalibinsa na zaure, wanda ke ƙera murhun banda na ƙarfe mai ƙofa da bututun da ke fitar da hayaƙi sama. Za a kawo bayan Sallah.

"Kihin ƙarfe ba ya daɗi," in ji Goggo.

"Kin ci?"

"Ban ci ba, amma na sani."

"To wannan shaidar ba ta karɓuwa."

An kawo murhun. Ta yi wata guda tana ajiye kwanuka a cikinsa kafin ta yarda ta hura masa wuta, kuma har yau akwai murhun ƙasa ɗaya da ta ƙi rushewa, tana cewa na manyan baƙi ne. Tarin ya ragu, bai tafi duka ba. Tana gidanta. Ni na samu aiki a wata makaranta, amma duk ƙarshen mako nakan duba shafin, in amsa tambayoyi, in canja abin da ya tsufa. Wani lokaci tana shafin farko, wani lokaci ta sauka, ban cika sanin dalili ba.

Akan tambaye ni me ya ɗaga ta, kalmomin da na sa ne, ko taswira, ko shaidar Baffa, ko kuwa lokaci ne kawai ya yi. Ban sani ba, kuma ba zan shawarci kowa ya je ya nemi yayansa ya ba shi uku ba. Abin da na gani na faɗa.

Akwai wuraren da nake shakka. Mahaifiyata ta ce ba a ziyarar Sallah aka yi yarjejeniyar ba, wai a wani gidan suna ne. Wani ɗan'uwanmu ya rantse shi bai taɓa rage taurarinsa ba, ni kuwa ina jin na ga ya rage. Ban kuma tabbata ko kwali na uku na Minna ne ko na wani gari ba. Duk wanda yake cikin zauren dangi a lokacin, ko ya ji saƙon muryar da kunnensa, ko yana tsakar gida ranar da aka kira daga Kaduna, in ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko mini in gyara. Wanda zai kai wa Baffa wannan rubutu kuma, ina roƙo ya fara sanar da ni.